Muryar da ke Ƙarƙashin Tawa

Rakiya, kin sha tambayata abin da ya sa mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, ba ta sake shiga motata ba har ta bar duniya, ko da za ta taka da ƙafa daga Tudun Aduwa zuwa kasuwar Gangara. Kullum ina ce miki warin fetur ne ba ta so. Ƙarya nake yi, kuma ba ita ce ƙarya ta farko da na yi a gidanmu ba. Yanzu da gwiwoyina suka ƙi, idanuna suka fara bin sahun na kakarki Inna, gara ki ji daga bakin ƙanin ubanki kafin wani ya ba ki labarin a karkace. 'Ya'yana ma su karanta, su san irin wayon da ubansu ya yi.

A cikin shekarun tamanin ina da wata farar a-kori-kura, wadda mutanen Damagaram ke kira bashe. Ina ɗaukar gero da awaki da mutane tsakanin Tanut da Gangara da kasuwannin daji. Ni mutum ne mai ji da kunnensa. Inji ya yi tari sau ɗaya, zan gaya maka ko filogi ne ko ruwa ne a cikin mai, kuma ina son a san na sani. A motar akwai rediyo mai cin kaset, da lasifika guda ɗaya da aka ɗaure da waya ƙarƙashin sitiyari. Takardar cikinta ta yage tun a hannun mai motar na farko, saboda haka duk wanda ya yi magana a cikinta, malamin tafsiri ne ko zabiya, muryarsa takan fito kamar ƙudan zuma a cikin gora. Abokaina direbobi sun sha yi mini tsiya a kanta, ni kuwa ina ce musu kiɗa ba ya ƙara wa mota gudu.

Ku da kuka tashi da waya a aljihu ba za ku gane darajar wannan rediyo ba. A zamanin, wanda ya tafi ci-rani bai iya rubutu ba, sai ya sayi kaset ya yi magana a fuska ɗaya ya ba matafiyi. Mutanen gida su saurara har su ƙoshi, sannan su juya ɗaya fuskar su mayar da amsa. Kaset ɗin nan guda ɗaya shi zai yi ta kaiwa da kawowa, sabuwar magana tana hawa kan tsohuwa. A Tudun Aduwa babu mai rakoda ko ɗaya, don haka duk Juma'a idan na dawo gida, motata ita ce gidan waya.

Yayana Haruna, mahaifinki, ya tafi Libiya a shekarar da gero ya fara ƙi, ya bar Mariyama da cikinki. Shi ne ɗan farin Inna, kuma Inna mace ce mai riƙon kunya irin ta da. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai ta ce mutumin nan, ko yayanka. Muryarmu ɗaya da shi, har takan ce idan ɗayanmu ya yi sallama daga zaure sai ta jira, don Haruna ba ya fara zance sai ya gyara murya sau biyu. Lokacin da kaset ɗinsa ya iso daga Sabha, idanunta sun riga sun rufe. Koren kaset ne mai ɓantaren kusurwa, kuma da wannan ɓantaren take gane shi da yatsa. A ciki ya gaishe da kowa, ya ce idan mace aka haifa a sa mata Rakiya, ya ce ya gaji da ƙasar mutane, a jira shi yana tafe kafin kaka. Inna takan zauna a kujerar gaba da ƙofa a buɗe tana cewa ita don Mariyama take saurare, amma ita ke cewa a sake mayarwa. Bayan an yi sunanki na aro tsohuwar rakodar wani mai shago a Tanut, suka cika ɗaya fuskar da gaisuwa da kukanki, aka ba ni kaset ɗin in nemi mai zuwa arewa.

Ina tashar Tanut ina cigiyar matafiyi, sai ga wani dogon mutum mai rawani yana cigiyar Ilu direba, wato ni. Agali sunansa, mutumin Tenhiya. Ya ja ni inuwar wata babbar mota, ya ciro hula daga jakarsa ya miƙa mini, hular da Mariyama ta ɗinka wa Haruna da hannunta. Ya ce tare suka taso za su dawo gida, zazzaɓi ya kama Haruna a hanya, suka binne shi kusa da wata rijiya can bayan Agadas, kuma shi kansa yana cikin waɗanda suka yi masa salla. Yana maganar, kaset ɗin na cikin aljihun gaban rigata, ina jin kusurwarsa tana tokare mini ƙirji.

Kada ki manta da irin shekarar. Shanu na faɗuwa a bakin rijiya, gidaje na rufe ƙofa da ƙaya suna yin kudu, Inna ta zama fata da ƙashi, kuma abin da ke sa ta haɗiye kunu shi ne yana tafe. Sai na ce a raina bari damina ta sauka tukuna, mutane su yi ƙarfi, sannan in faɗa. Ban shawarci liman ba, ban shawarci kowa ba, don a lokacin ina ganin babu wanda ya kai ni tunani tsakanin Tanut da Damagaram. Na riƙe kaset ɗin wata biyu, daidai lokacin da zai je ya dawo. Ran nan da tsakar rana na sake aro rakodar mai shagon, na bar hanya na shiga wata busasshiyar fadama. Gawarwakin shanu ne ko'ina, fata ta bushe a kan haƙarƙari, ko ungulu babu don sun ƙoshi sun bar wajen. Na saurari Haruna sau ɗaya a cikin mota don in kama yadda yake jan magana. Sannan na sa hularsa, na gyara murya sau biyu, na danna jan maɓalli a kan fuskar kaset ɗin da ya yi magana. Dole a kanta zan yi, don Inna ba za ta karɓi wani kaset ba sai mai ɓantaren kusurwa. Na ce ina nan lafiya, na samu aiki mai kyau, mai gidan ya riƙe ni shekara biyu, kada a jira ni bana. Da na gama sai na ji kamar akwai mutum tsaye a bayana, har gashin wuyana ya miƙe. Na juya, ba kowa sai wata saniya da iska ke shiga cikinta ta fita.

Ranar Juma'a na sa musu. Yagaggiyar lasifikar ta yi mini aikin da ko ɗan'uwa ba zai yi ba, ta mayar da muryata ƙudan zuma kamar yadda ta saba mayar da tasa. Inna ta ce mutumin nan ya rame, ana ji a muryarsa. Mariyama ta yi dariya, ta ce da ni, da yake akwai wasa tsakanin mace da ƙanin mijinta, in yi ta ƙiba ni kaɗai tunda yayana na can yana wahala dominmu. Haka muka yi wata goma sha huɗu. Duk Juma'a Inna ta ciro kaset ɗin daga gwangwaninta, Mariyama ta sa lalle da kwalli ta tsaya bakin ƙofar mota da ke a bayanta, ni kuma in zauna bayan sitiyari ina sauraron kaina. Damina ta zo ta wuce ba ruwan kirki, wata ta sake zuwa, ban faɗa ba. Na ce bari a yi girbi.

Daminar ce ma ta tona ni. Wani ruwa ya same ni a hanyar Gangara, ya bi ta gefen gilashi ya cika lasifikar, takardar ta jiƙe ta narke, ta yi shiru gaba ɗaya. Da farko har daɗi na ji, na ce Allah ya raba ni da wannan zama. Amma Juma'a biyu babu murya, Inna ta daina cin abinci, tana zaune da gwangwani a cinya tana shafa ɓantaren kusurwa. Sai Mariyama ta ce ita za ta kai kaset ɗin Gangara, ta ji matar likita na da sabuwar rakoda mai fitar da magana tas, za ta goya ki ta ja hannun Inna su je. Na ce ta ba ni mako ɗaya, zan sauka Damagaram in sa wa motar sabuwar lasifika.

A Damagaram akwai wani mai gyaran rediyo, Malam Sidi, tsoho mai tabarau ɗaure da zare, rumfarsa cike da gawarwakin rediyo har sama. Na ce masa lasifika nake so ta a-kori-kura. Ya auna ramin da take zama da ɗani, ya duba wayoyin, ya fito da wasu sababbi guda biyu a kwali da aka kawo daga Kano, ya ce waɗannan a ƙofofi ake sa su, dama da hagu. Ya jona su da batir ya sa kaset ɗin wani makaɗi da nake yawo da shi, sai ga kalangu kamar a cikin rumfar ake kaɗa shi, har ana jin numfashin mai waƙar. Duk direban da ya ji wannan zai miƙa hannu. Ni kuwa gumi ya karyo mini. Na ce sun yi kyau da yawa, ba shi da wata mai ɗan dishi-dishi? Ya dube ni ta saman tabarau, ya kawo wata babba da aka cire daga rediyon gida, ita ma garau take. Na ce to ya ɗauki ɗaya daga cikin sababbin ya yaga mini takardarta kaɗan, zan saya a haka.

"Direba, shekara talatin ina gyara abin da ya yage. Ban taɓa yaga mai lafiya ba, kuma ba a kanka zan fara ba. Wa kake ɓoye wa magana?"

Na yi dariya na ce fasinjojina ƙauyawa ne, sun saba da tsohuwar. Bai yi dariya ba. Ina waige-waige sai idona ya faɗa kan wata ƙaramar lasifika a ƙasan tebur, cikin akwatin ƙarfe mai launin toka, ta yi tsatsa, yashi ya toshe rabin ramukanta. Na ce a gwada waccan. Ya busa mata iska ya jona. Kalangun ya ɓace, gangar ta koma kamar ana buga kwano, sautin ya fito siriri ba armashi. Zuciyata ta yi fari, na ce ga abin da nake nema.

"Wannan ba ta kiɗa ba ce, ta magana ce," in ji Malam Sidi. "Daga motar masu neman ma'adinai aka ciro ta, irin wadda suke kiran juna da ita a cikin hamada. Makiyaya suka tsinci motar ƙofofi a buɗe, ba kowa a ciki. An yi ta ne don ta tsamo muryar mutum daga cikin hayaniya. Duk abin da aka faɗa, za ta faɗa."

Na ɗauka zaƙin bakin mai sayarwa ne. Kunnen nan nawa da nake taƙama da shi ya gaya mini lasifikar banza ce, kuma da kiɗa na gwada ta, ban gwada ta da magana ba. Ya ɗaure mini ita ƙarƙashin sitiyari, na kama hanyar arewa. A hanya maganarsa ta riƙa dawo mini, har na tsaya gindin wata aduwa na karyo ƙaya na zura ta cikin ramukan don in huda takardar. Ashe akwai ragar ƙarfe a ciki, ƙaya uku na karya a banza. Akwatin kuma ba shi da kusoshin da ake kwancewa. Na ce ba komai, na ji ta da kunnena.

Na isa Tudun Aduwa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, rana na tsakiya, gero ya kai ƙirji ko'ina ya yi kore. Inna har ta sa an kawo ta bakin hanya. Ta hau kujerar gaba, ta miƙo kaset ɗin. Mariyama ta tsaya inda ta saba, tafin hannunta ja da sabon lalle, ke kuma kina riƙe da zanenta. Na tura kaset ɗin.

Aka gyara murya sau biyu. Sannan, can ƙasa, kamar daga cikin rijiya, aka sake gyara murya sau biyu.

Muryata ta fito tsirara, babu zuma babu gora, duk wanda ya taɓa jin ina ciniki a tasha zai ce Ilu ne. Na ji kaina ina cewa ina nan lafiya. Na tsaya numfashi, sai wata murya siririya ta shigo cikin gurbin ta ce na gaji, Inna. Na ji kaina ina cewa mai gidan ya riƙe ni, kada a jira ni bana. Na sake tsayawa, muryar ta ce ku jira ni, ina tafe. Hannuna na kan sitiyari amma ba na jin sa. Ga rana, ga kaji na tono a gefen taya, ga mutane na wucewa da dardumansu a kafaɗa, ni kuwa sanyi nake ji har cikin haƙora. Na kai hannu zan kashe, Inna ta damƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta sunkuya ta kai kunnenta daf da akwatin ƙarfen.

"Ilu, yi shiru."

Na ce Inna, ai ban ce komai ba.

"Ba kai na nan ba. Kai na ciki. Ka yi shiru in ji Haruna."

Tun da aka haife ni, ranar na fara jin wannan suna a bakinta.

Mariyama ba ta yi kuka ba a wajen. Ta jira har kaset ɗin ya ƙare ya yi ƙas, sannan ta dube ni ta tambaye ni kalma ɗaya, yaushe. Na gaya mata, na ciro hular daga ƙarƙashin kujera inda ta yi wata goma sha shida tana kwance. Ta karɓa ta duba ɗinkinta, ta duba lallen hannunta, ta ɗauke ki ta shiga gida. Washegari aka yi zaman makoki da sadaka, dangi na zuwa gaisuwar mutumin da ƙasa ta daɗe da cinye shi, kowa na kauce wa idona. Mariyama ta cire 'yan kunne ta nemi farin zane za ta shiga takaba, sai liman ya ce daga ranar rasuwa ake lissafi, kwanakin sun wuce tuni, babu takaba a kanta. Na ci karo da ita a bakin zaure tana dawowa daga wajensa.

"Ka bar ni ina kwalliya wa mamaci," ta ce. "Yanzu ko zaman da zan yi mishi, shi ma ka cinye."

Daga ranar wasa ya ƙare tsakaninmu. Ta ci gaba da gaishe ni kamar yadda ake gaida baƙo, ta bar ni na riƙe ki na aurar da ke, amma ƙafarta ba ta sake taka motata ba. Ba ta zalunce ni ba, Rakiya, kada ki taɓa tunanin haka.

Daga baya na koma wajen Malam Sidi na ba shi labari. Ya ce babu aljani a ciki, tsohuwar rakodar da na aro ce ba ta goge na ƙasa sarai, kuma tun farko muryar na nan, yagaggiyar lasifika ce ke binne ta. Na yarda da shi, don ya fi ni sanin aikinsa. Amma na tambaye shi yadda aka yi maganar Haruna ta faɗa daidai inda nake tsayawa, tana ba ni amsa ɗaya bayan ɗaya, sai ya cire tabarau ya goge ya ce wannan ba gyaran rediyo ba ne.

Ko Inna ta gane ni tun ranar farko, ban tambaye ta ba, ita ma ba ta faɗa ba. Abin da na sani shi ne Juma'ar da ta biyo bayan sadakar bakwai ta sa aka kawo ta bakin hanya da gwangwaninta. Na ce Inna, me za ki ji a ciki, ai ƙaryata ce. Ta ce in sa. Shekara uku ta ƙara a duniya, kuma duk Juma'a sai na zauna na saurari kaina ina yi wa uwata ƙarya, ita kuma kunnenta na manne da akwatin tana jiran inda zan tsaya. Ba ta taɓa zagina ba. Sau ɗaya kawai, bayan kaset ɗin ya ƙare, ta ce da ni tun ina yaro haka nake, idan na fara magana ba na barin wani ya sa baki. Na fita na zagaya bayan mota na yi kukan da ban yi ba a tashar Tanut.

Na sayar da motar tuntuni, amma na ciro lasifikar kafin in miƙa mabuɗi. Tana cikin akwatina na ƙarfe tare da gwangwanin Inna, kuma naki ne su duka. Na gwada kaset ɗin a rakododi masu tsada, babu wadda ta fito da shi kamar ita, don haka ki nemi mai gyara ya jona miki ita. Ubanki bai bar hoto ba, bai bar rubutu ba, kabarinsa ma ban san inda yake ba. Murya ɗaya ya bari, na hau kanta. Wajen tsakiya akwai inda tari ya sarƙe ni na ɗan daɗe ban yi magana ba, a nan za ki ji ya ce idan mace ce a sa mata Rakiya. Idan kin sa, kada ki saurare ni. Ki jira inda na tsaya numfashi, nan yake.